Yadda zaka haɗa memorin zoben maganaɗisu irin na kwamfutocin farko da hannunka

Idan kana cikin masu son wasa da waya da dalma, ko kai ɗalibin lantarki ne da ya gaji da furojet ɗin fitila mai kunna kanta da daddare wanda kowa ke kaiwa duk shekara, toh ga aikin da zai sa ka gane memorin kwamfuta tun daga tushe. Kafin a fara yin RAM da cif, kusan shekara ashirin, daga wajen 1955 zuwa wajen 1975, manyan kwamfutocin duniya da wasu ƴan mitsi-mitsin zobba suke riƙe bayanai, zobban wani baƙin abu mai tauri da ake kira farait, an zura musu sirarun wayoyi ta ciki. Zobe ɗaya bit ɗaya ne, ko 0 ko 1, shikenan. Kuma zaka iya haɗa ƙaraminsa a kan tebur anan Kano, sai dai fa yana son haƙuri wallahi.

Bari na ɗan faɗi matsalar da aka so magancewa, don idan baka santa ba zaka ga kamar wahalar banza suka sha. A ƙarshen shekarun 1940 memori iri uku ake fama da su. Akwai bututu mai cike da zaiba da ake tura sauti yana zagayawa a ciki, irin na kwamfutar EDSAC a Cambridge ta Ingila, akwai gangar maganaɗisu mai juyawa, duk biyun nan sai ka jira bayanin ya zagayo inda kake kafin ka ɗauka. Na ukun kwalaben gilashi ne irin na tsohuwar talabijin, suna da sauri amma basu da amana, yau lafiya gobe sun manta abin da aka basu. A jami'ar MIT ta Amurka kuwa Jay Forrester yana jagorantar gina kwamfuta mai suna Whirlwind, wadda aka fara don sojan ruwa daga baya ta koma aikin bin diddigin jirage ta rada, kaga aikin da ba'a jira kenan. Shi ya fito da dabarar da zamu bi a nan, ɗalibinsa William Papian ya yi gwaje-gwajen zobban, aka saka wa Whirlwind memorin a 1953, lokacin ɗauko bayani ya sauko daga wajen mikrosakan 25 zuwa 9. Mikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Ba shi kaɗai bane a fagen, An Wang da Way-Dong Woo a Harvard sun yi nasu aikin tun 1949, Jan Rajchman ma yana nasa a kamfanin RCA, har rigimar haƙƙin mallaka ta ɗauki shekaru, IBM ta sayi na An Wang dala 500,000, a 1964 kuma ta biya MIT dala miliyan 13.

Fara da allura

Kar ka fara da zobe. Nemi allurar ɗinki, bututun biro, batir ɗaya mai bolt 1.5, kamfas, da siririyar wayar kofa irin ta masu riwayindin fanka da injin ruwa, idan ka shiga Sabon Gari wajen masu kayan wuta ko ka tsaya wajen duk mai riwayindin a unguwarku zaka samu guntu. Naɗa wayar a jikin bututun kamar sau 50 zuwa 100, kankare fentin bakin wayar biyu, saka allurar ciki, ka taɓa batir na sakan ɗaya kawai ka cire, kar ka bari ya daɗe don waya zata yi zafi. Kai tsinin allurar kusa da kamfas ka ga ɓangaren da ya jawo. Yanzu juya batir ɗin ka sake taɓawa, ka sake dubawa, zaka ga ya jawo ɗaya ɓangaren. Ajiye allurar har gobe, tana nan yadda ka barta babu wuta babu komai. Toh ka rubuta bit ɗaya kenan, kuma ka ga dalilin da ya sa wannan memorin baya mantuwa idan an ɗauke wuta.

Zobe ma haka yake, bambancin shine maganaɗisun yana zagaye ne a cikin jikin zoben, ko ta yadda hannun agogo ke juyawa ko akasin haka, baya fitowa waje. Wannan ne ya sa ake iya jera dubbai kusa da juna basa damun juna, kuma shine ya sa kamfas ba zai karanta maka shi ba, sai an bi ta wata hanya da zan zo kanta.

Zoben da ya dace

Nan ne yawancin mutane ke ɓata lokaci. Zaka buɗe matacciyar caja ko fawa saflai ɗin kwamfuta ko kwan fitila irin na da mai murɗaɗɗen gilashi ka ga baƙin zobe da waya a naɗe, kace alhamdulillah na samu. Farait ne shima amma irin wanda aka yi don ya saki maganaɗisu da sauri da zarar wuta ta tsaya, wato dai akasin abin da muke nema. Namu dole ya zama mai taurin kai: ƙaramar wuta bata motsa shi sam, idan kuma wuta ta haye wani mataki sai ya kife gaba ɗaya lokaci guda, ya zauna a haka. A takardun injiniyoyi idan aka zana hoton halinsa kusan murabba'i yake fitowa, idan zaka nema a intanet ka nemi zoben farait na memori mai wannan siffar. Ana samun tsofaffin da ba'a taɓa amfani da su ba, da yawa ragowar masana'antun tsohuwar Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, ana sayar da su a ƴar kwalba. Sai dai ka yi oda ko ka haɗa kuɗi da abokai ku yi tare, tunda kwalba ɗaya ta ishi aji guda. Ka zaɓi masu faɗin milimita 1 zuwa 2, na Whirlwind ma wajen milimita 2 ne. Kar ka yi jarumtar sayen na ƙasa da haka, atishawa ɗaya sun tafi, kuma a ƙasan siminti ba zaka sake ganinsu ba.

Sauran kaya babu wuya: Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa kod), cif ɗin direba, wato mai tura wa ƙaramin injin lantarki wuta, irin L293D wanda zai iya tura wuta gaba da baya, rasistoci, kwamfareta (cif mai gwada bolt biyu ya faɗi wanda ya fi) mai sauri irin LM311, 74HC74 (cif mai riƙe 0 ko 1) guda ɗaya, bero bod, hantsaki da gilashin ƙara girma. Osiloskof kuma, wato na'urar da ke zana maka hawa da saukar bolt a allo, ba'a yi ba tare da shi ba gaskiya, mita bata ganin abin da ke wucewa cikin mikrosakan ɗaya. Idan kai ɗalibi ne a BUK ko Foli ka roƙi masu kula da leb, idan ba haka ba ƙananan nan na hannu ma zasu yi in dai suna da saurin kama abu mai gajarta haka. Wajen zura waya kuma idan idonka ya gaza, abokinka mai gyaran waya a Farm Centre ko titin Beirut yana da maikroskof da hannun da baya rawa, ka kai masa lokacin da kasuwa ta lafa.

Zobe ɗaya, waya uku

Zura wayoyi uku ta cikin zobe ɗaya: ta tsaye, ta kwance, da wayar ji, wadda za ta ji maka idan zoben ya kife. Ta tsaye da ta kwance kowacce ta tafi wajen direbanta da rasista a jere, wayar ji kuma ka murɗe bakinta biyu tare kamar igiya har zuwa osiloskof, murɗewar nan tana rage hayaniyar da waya ke kwasowa a hanya. Ka tabbata wayoyin tura wutar biyu sun shiga zoben ta fuska ɗaya idan ana tura musu wuta ta ɓangare ɗaya, idan ɗaya ta shiga ta gaba ɗaya ta baya kashe juna zasu yi, zaka yi ta bugu zobe na kallonka.

Ga dabarar Forrester ɗin, kuma duk aikin a kanta ya rataya. Ba'a ba wa zobe cikakkiyar wutar da zata kifar da shi ta waya ɗaya. Rabi ake turowa ta wayar tsaye, rabi ta wayar kwance. Kamar kayar da sa ne ranar layya, mai riƙe da igiyar gaba shi kaɗai ba zai kayar da shi ba, mai ta ƙafar baya ma haka, sai sun ja lokaci guda sannan ya tafi ƙasa. Duk zoben da waya ɗaya ce kawai ta taɓa shi rabi ya samu, ba zai motsa ba, wanda ke mahaɗar wayoyin biyu shi kaɗai zai kife. Da wannan, waya 64 kacal, 32 tsaye 32 kwance, suna iya zaɓo kowane ɗaya cikin zobba 1,024, waya 128 kuma su zaɓo cikin 4,096. Ka lissafa da ace kowane zobe sai da direbansa, a zamanin da direba kwalbar gilashi ce mai zafi da tsada, da maganar bata ma taso ba.

Yanzu sai neman rabin nan, kuma ina roƙonka ka zauna a nan har sai ka same shi daram kafin ka taɓa zobe na biyu. Yawancin ƙananan zobban nan ɗaruruwan miliamfiya suke so kafin su kife, kowane iri da nasa. A matsayin misali, ace naka yana son 600, rabi 300 kenan. L293D yana cinye wajen bolt 2 ko fiye a jikinsa, toh idan ka bashi bolt 5 ya rage maka kamar 3, rasista mai om 10 zai baka wajen 300. Lissafin takarda kenan, ainihin abin sai ka auna bolt ɗin da ke kan rasistan da osiloskof. Kuma wutar bugu ake yi, ƴan mikrosakan kaɗan a saki, idan ka barta a kunne rasista da cif duk zasu gasu. Idan direbanka bai kai ƙarfin ba akwai dabara, zura wayar sau biyu ta cikin zoben, rabin wutar zai yi aikin da cikakkiya ke yi. Wayar ji ma idan ka zura ta sau uku ko huɗu sigina zai ƙaru, a gwajin zobe ɗaya wannan halal ne.

Gwajin haka yake. Ɓangare ɗaya na tura wuta ka kira shi 1, akasinsa 0, sai ka buga wayoyin biyu tare ta ɓangaren 1. Sannan buga su tare ta ɓangaren 0 kana kallon wayar ji. Idan zoben ya kife zaka ga wani ɗan tudu ya taso, ƴan gomomin milibolt, tsawonsa wajen mikrosakan ɗaya. Sake buga 0 ɗin ba tare da ka rubuta 1 ba, yanzu tudun babu, sai ɗan tsini siriri a daidai farkon bugun. Idan ka ga bambancin nan biyu da idonka, ka gama rabin aiki. Daga nan sai gwajin tsokana: rubuta 1, sannan ka yi ta buga waya ɗaya kaɗai ta ɓangaren 0, sau dubu ma ba laifi tunda Arduino ne ke yi, sannan ka karanta. Idan tudun ya fito da girmansa rabinka ya yi daidai. Idan ya ragu ko ya ɓace rabin ya yi yawa, yana gutsurar zoben kaɗan-kaɗan, ƙara rasista. Idan kuma wayoyi biyu tare basa kifar da shi sosai, rage. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan fili, ka zauna a tsakiyarsa, kar ka raɓe a gefe.

Zafin garin nan ma yana da hannu a ciki. Farait idan ya ɗumama da ƙaramar wuta yake kifewa, saboda haka saitin da ka yi da sanyin safiyar hunturu zai iya baka kunya da azahar ɗin Afrilu lokacin da ake haura digiri 40, rabin da ya kasance lafiyayye ya koma yana ɓata maƙwabta. Injiniyoyin da sun san da haka, wasu injinan suna auna zafi su rage ko su ƙara wutar da kansu, wasu kuma a ajiye memorin a zafi ɗaya kullum, na kwamfutar IBM 7090 na farko a cikin mai ma aka tsoma shi. Kai dai ka gwada naka safe da rana, ka zaɓi rasistan da ya tsallake duka biyun.

Karatu yana goge rubutu

Ka lura da abin da ya faru a gwajin? Don ka san ko 1 ne a ciki sai da ka mayar da shi 0. Haka memorin nan yake, duk karatu sharewa ne, saboda haka dole bayan kowane karatu a mayar da abin da aka tarar. Wannan rubutu bayan karatu shine gudummawar An Wang da aka fi sani. A kod ɗinka ka haɗa su aiki ɗaya: buga 0, duba ko an ji tudu, idan an ji buga 1 ka mayar, idan ba'a ji ba ƙyale shi. Masu zanen kwamfuta ma har riba suka ci da wannan, idan ana son ƙara wa lamba ɗaya misali, sai a karanta, a yi lissafin, a mayar da sabuwar a zagaye guda.

Wajen sa Arduino ya ji tudun, manta da analogRead, umarninsa na auna bolt, wajen mikrosakan 100 yake ɗauka, kafin ya waiwayo an tashi kasuwa. digitalWrite, umarnin kunna ƙafa ko kashe ta, ma yana cin ƴan mikrosakan, gara ka rubuta kai tsaye a rajistar fot, wato wurin da ke juya ƙafafun cif ɗin, Uno yana gudu a megahaz 16 ne, kowane taku nanosakan 62.5, ya isa. Kai wayar ji wajen kwamfareta, ka saita masa iyaka tsakanin tsayin tsinin 0 da tudun 1, fitarsa ta tafi 74HC74 ya riƙe maka amsar har Arduino ya zo ɗauka. Kuma kar ka saurara tun farkon bugu, tsinin hayaniya a nan yake, ka ɗan jinkirta zuwa lokacin da tudun ke kan ganiyarsa sannan ka buɗe kunne. Manyan injinan ma haka suke yi, akwai ɗan bugun lokaci na musamman don wannan.

Saƙa allon

Idan zobe ɗaya ya yi biyayya, tafi 2 sau 2, sannan 4 sau 4, bit 16 da waya 8. Yanke rami mai kusurwa huɗu a tsakiyar bero bod, ka kafa fil a gefuna. Zura zobba huɗu a kowace wayar kwance ka ɗaure ta, sannan ka bi da wayoyin tsaye ɗaya bayan ɗaya, kowane zobe ya tsaya a karkace digiri 45 yadda wayoyin biyu zasu ratsa shi. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ko faranti a ƙasa, ka kashe fanka, eh na sani da zafi amma ka kashe. Kar ka ja waya da ƙarfi, farait kamar tangaran yake fashewa, kuma gefensa na iya kankare fentin waya ta haɗu da ƴar'uwarta, bayan kowace waya ka sa mita ka duba babu haɗuwa. Wannan aikin a masana'antu ma da hannu aka yi shi shekaru da yawa, yawanci mata ne ke yi da maikroskof, daga baya aka kai aikin ƙasashen gabashin Asiya don arha, kuma da haka farashi ya sauko daga wajen dala ɗaya kowane bit zuwa wajen senti ɗaya.

Wayar ji ita ce ta ƙarshe kuma ita ce mai wayo. Guda ɗaya ce zata ratsa duk zobban allon, a karkace take tafiya tana kai da komo. Dalili kuwa, zobban da suka samu rabin wuta basa kifewa amma suna ɗan motsi, kowanne ya zuba ƴar hayaniyarsa a wayar. A allon 32 sau 32 zobba 62 ne ke samun rabi a kowane karatu, idan hayaniyarsu ta taru ta fuska ɗaya zata rufe muryar guda ɗayan da kake son ji. Shi ya sa ake saƙa ta yadda zata shiga rabinsu ta gaba rabinsu ta baya, hayaniyar ta cinye kanta. Abin da zai biyo baya shine tudun 1 zai riƙa fitowa sama a wasu zobban ƙasa a wasu, toh sai ka sa kwamfareta biyu, ɗaya na kowane ɓangare. Wata dabarar kuma, ka fara kunna wayar kwance, ka ɗan jira hayaniyarta ta kwanta, sannan ka kunna ta tsaye.

A allo ɗaya baka buƙatar waya ta huɗu, amma ka santa don ita ce ta mayar da abin memorin gaske. Kwamfuta kalma take ɗauka, wato gungun bit lokaci guda, ta Whirlwind bit 16 ce, saboda haka ana jera allo kan allo, wayoyin tsaye da kwance su ratsa dukkansu, bugu ɗaya ya taɓa zobe ɗaya a kowane allo. Wajen rubutu kenan duk zasu zama 1, toh allon da ake son ya zauna a 0 sai a tura masa rabin wuta ta kishiyar hanya a wayar hani, ta soke rabi ɗaya, zoben ya zauna yadda yake. Daga baya aka lura ji lokacin karatu ne hani kuma lokacin rubutu, sai aka haɗa su a waya ɗaya, zoben ya samu damar ƙara ƙanƙancewa.

Ƙanƙancewar nan kuwa ita ce hanyar sauri, ƙaramin zobe da ƙaramar wuta yake kifewa kuma ana iya tura shi da sauri, har aka kai ƙasa da rabin milimita. IBM 7090 ta 1959 zagayenta na karatu da mayarwa mikrosakan 2.18 ne, CDC 6600 ta 1964 mikrosakan 1, kuma ita har raba memorin aka yi gida 32 yadda kafin wani gida ya gama mayar da abin da ya karanta an riga an shiga na gaba. Kwamfutar kumbon Apollo ma kalma 2,048 na irin wannan memorin take da shi na rubutu da gogewa. Sai a 1970 Intel ta fito da cif ɗin 1103 mai bit 1,024, daga nan kasuwar zobe ta fara ja da baya.

Idan ka gama saƙa ka gwada da zane iri-iri, duka 0, duka 1, sannan ɗaya-bar-ɗaya, sannan 1 guda ɗaya tana yawo cikin 0. Kafin ka yi gwajin cire wuta ka sa rasista ya ja ƙafar kunna direban zuwa bolt sifili (GND), don lokacin da Arduino ke tashi ko mutuwa ƙafafunsa na iya yin abin da suka ga dama su buga maka shirme a allon, kace zobe ne ya manta alhali rubuta masa aka yi. Idan komai na fitowa 1, iyakar kwamfaretan ta yi ƙasa ko ka buɗe kunne da wuri. Idan layi guda ne ya mutu, dalmar wannan wayar ce, galibi fentin ne baka kankare da kyau ba. Idan kuma zobe ɗaya ne tak yake gardama ko'ina lafiya, sa gilashi ka dube shi da kyau, yawanci ya tsage, sai ka warware wayoyinsa uku ka canza shi.